Rayuwata bayan tiyatar farfaɗiya

A ƙarshen shekarar 2019 aka yi mini tiyata a ƙwaƙwalwa a wani asibiti da ke birnin Delhi na ƙasar Indiya, aka yanke wani ɗan sashe daga ɓangaren hagu, wanda gwaje-gwaje suka nuna daga nan farfaɗiyata take tasowa. Ina da shekara 27 a lokacin, kuma fiye da rabin shekarun nan da ciwon na yi su. Tun da na dawo gida Funtuwa, duk wanda ya ji labarina tambayarsa ɗaya ce: "To, yanzu dai an warke ko?" Nakan ce alhamdu lillahi, domin gaskiya ce, kuma ita ce amsar da ta dace da mai gaisuwa. Sai dai akwai sauran bayani wanda ba ya shiga cikin gaisuwa, shi ne nake so in rubuta, saboda iyalan da ke haɗa kuɗin kai ɗansu ko 'yarsu wannan aiki, suna zaton da an fito daga ɗakin tiyata lafiya shi ke nan an gama.

Likitoci sun alaƙanta asalin ciwon da wani zazzaɓi mai zafi da na yi ina 'yar shekara biyu, wanda ya zo da jijjigar da ta daɗe ba ta sake ni ba. Na tashi daga wannan jinya garau, kowa ya manta da ita, sai da na kai shekara 13 abin ya bayyana. Yakan fara ne da wani abu da ke tasowa daga cikina ya hau ƙirji, tare da tsoron da ba shi da dalili, daga nan sai in ɗauke. Waɗanda suka gani sun ce idona yana buɗe amma ba na amsa kira, bakina yana motsi, hannuna yana murza bakin hijabi, bayan minti ɗaya ko biyu in dawo ban san abin da ya faru ba. Faɗuwa da jijjiga da kumfar baki, waɗanda su jama'a suka sani da farfaɗiya, ba kullum suke zuwa ba, shi ya sa aka daɗe ana cewa iska ce ta shafe ni. An yi ruƙiyya, na sha rubutu, an turara ni da hayaƙi iri-iri, kuma ba na ganin laifin iyayena, domin iyakar saninsu ke nan, kuma ba su taɓa ɓoye ni a ƙuryar ɗaki ba kamar yadda ake yi wa wasu.

Irin zaman da ciwon ya tsara mini shi ne ya zame mini matsala bayan aikin, don haka sai na ɗan faɗe shi. Na bar makaranta a aji biyu na babbar sakandare, ba don an kore ni ba, sai don ƙawayena sun daina shan ruwa a kofin da na sha, bisa camfin nan na cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ta, alhali ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Bayan da na faɗa kan murhu na ƙone a hannu, sai aka kafa mini dokoki: ba ni ba wuta, ba ni ba bakin rijiya, ba ni ba wuƙa, ba na kulle ƙofar banɗaki, ba na shiga ko maƙwabta sai da ɗan rakiya. Ƙannena mata biyu suka yi aure ina zaune. Ba a aikena, ba a yi mini faɗa, kuma babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake so in zama, ni ma ban tambayi kaina ba. Abokan zamana su ne rediyo da littattafan da Yaya yake aro mini.

A asibitin koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya, aka fara kiran ciwon da sunansa. Na sha fenobabiton, na sha Tegretol, aka gwada Epilim, daga baya aka haɗa mini Tegretol da Keppra. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, amma ɗaukewar ba ta bar ni ba. Likitan da ke dubana ya bayyana wa Baba cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya ƙwayoyi kaɗai suna isarsu, amma wanda aka gwada wa magunguna biyu da suka dace, ya sha su yadda ya kamata ba su tsayar da ita ba, da wuya na uku ko na huɗu ya yi abin da suka kasa. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI da aka ɗauka a Kano ya nuna tabo a wani ɗan sashe da ke can ciki, kusan saitin kunne, wanda ake kira hifokamfus, kuma irin wannan ita ce farfaɗiyar da tiyata ta fi yi wa amfani. Likitan ya ba mu labarin binciken da aka yi a Kanada aka buga a 2001, inda aka raba marasa lafiya 80 gida biyu: cikin waɗanda aka yi wa aiki, kashi 58 cikin 100 sun cika shekara ba tare da farfaɗiyar da ke gusar da hankali ba, cikin waɗanda suka zauna a kan ƙwayoyi kuwa kashi 8 ne kacal. Baba ya sayar da gonar da ya gada, Yaya ya sayar da filinsa, dangi suka yi karo-karo.

A Indiya ba a garzaya da ni ɗakin tiyata ba. An kwantar da ni da wayoyi manne a kai, kyamara tana kallona dare da rana, aka rage mini magani da gangan domin ciwon ya zo a ga inda yake tasowa, sannan aka yi mini dogon gwajin riƙe kalmomi da siffofi. Da Yaya ya tambayi dalilin wannan wahala, likitan ya ba mu labarin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka cire wa wannan sashe ta ɓangarori biyu a 1953: farfaɗiyarsa ta yi sauƙi, amma bai ƙara iya riƙe sabon abin da ya faru da shi ba har ya mutu a 2008. Shi ya sa gefe ɗaya kaɗai ake taɓawa, kuma sai an auna ko ɗayan zai iya ɗaukar nauyin. An faɗa mini ƙarara cewa tun da hagu ne, inda magana take zaune ga mafi yawan mutane, mai yiwuwa in sami matsalar tuna kalmomi. Na ji, na sa hannu.

Ciwon jiki shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ya biyo baya, ko da yake a lokacin ban ɗauka haka ba. Na farka da ciwon kai da kumburi a idon hagu, da ɗinki da ya taso daga gaban kunne ya lanƙwasa zuwa sama. Abin da ban zata ba shi ne muƙamuƙi: ashe kafin a kai ga ƙoƙon kai sai an tsaga naman da muke tauna da shi, don haka na yi makonni ba na iya buɗe baki sosai, hamma ma azaba ce, kunu da fate su ne abincina. Sujada takan sa kaina ya riƙa bugawa, sai na koma salla a zaune na ɗan lokaci. Gajiya kuwa ta daɗe, ta yadda idan 'yan dubiya suka cika ɗaki sai in wuni ina barci bayan tafiyarsu, kuma kowa ya san ba a korar wanda ya zo gaida marar lafiya. Inna ce ta fito da dabarar cewa likita ya hana ni yawan magana, aka sami sauƙi.

Matsalar kalmomi ta zo kamar yadda aka faɗa, amma jin labarinta daban, zama da ita daban. Ina ganin ludayi, na san na mene ne, na san inda ake rataye shi, amma sunan ya ƙi zuwa, sai in ce "abin nan na kunu". Sunayen mutane sun fi ba ni wahala. Mace za ta shigo, na san 'yar wace ce, na san unguwar da take aure, na tuna har zanen da ta ɗaura ranar bikinta, amma sunanta ya ɓace. A nan al'adarmu ta rufa mini asiri ƙwarai, domin Bahaushiya tana iya wuni tana gaisawa da mutane ba ta ambaci sunan kowa ba: wannan Gwaggo, wancan Kawu, waccan Yaya, wadda ta rage kuma Hajiya ce ko amarya. Kakata, wadda tun ina ƙarama take kirana kishiya, ita kaɗai ce take iya wasa da abin. Ta ce in dai har da sunan maigidanta Indiyawa suka cire daga kaina, to ta yafe musu kuɗin gonar. Cikin shekara guda abin ya yi sauƙi, amma bai tafi ba, har yau idan na gaji ko aka zuba mini ido kalma takan maƙale.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne hadda. Surorin da na haddace tun ina yarinya suna nan daram, ko wasali bai goce ba, amma sabon shafi, wanda a da nakan riƙe shi tsakanin asuba da hantsi, yanzu sai in yi ta maimaita shi, washegari in tarar rabinsa ya zube. Likita ya ce haka abin yake: abin da aka daɗe da ajiyewa yana wani wuri dabam, sashen da aka taɓa shi ne mai karɓar sabo. Na koma rubuta ayar da hannuna kafin in karanta, irin na makarantar allo, da yawan saurarenta a waya, ina tafiya a hankali. Akwai kuma gani: wani ɗan yanki daga sama ta hannun dama ya ɓace mini a idanu biyu, saboda jijiyoyin gani suna ratsawa kusa da inda aka yanka, kuma ban lura ba sai da na yi ta karo da igiyar shanya da murfin kabad.

Mafi yawan waɗannan an gargaɗe ni da su. Abin da bai zo wa kowa a rai ba shi ne, gidan da ya daɗe yana zaune da ciwo ba ya sanin yadda zai zauna idan ciwon ya tafi. Watanni suka shuɗe ban ɗauke ba, amma dokokina suna nan yadda suke. Idan na ɗauki wuƙa zan yanka albasa, sai in ji muryar Inna daga ɗaki: "Ke, ajiye wuƙar nan, ba ga yara nan ba?" Idan na yi shiru ina tunani, sai ta ƙwala mini kira domin ta ji ko zan amsa. Har lokacin a ɗakinta nake kwana, kuma ko juyi na yi sai ta haska ni da tocila. Na fara jin haushinta, ina mayar mata da magana, abin da ban taɓa yi ba, ga kuma Keppra da aka sani da sa saurin fushi tana ƙara wa abin zafi. Sai daga baya na lura cewa matar nan ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ta daina zuwa bikin da za a kwana, ta tsara barcinta da fitarta a kaina tun ina shekara 13, ga shi rana ɗaya ana ce mata aikin ya ƙare, ba a kuma ba ta wani ba.

Ni ɗin ma ba a shirye nake ba. Ranar da Baba ya ce a bar ni in je kasuwa ni kaɗai, na kai bakin titi na tsaya cak, ban san nawa ake biyan mai Keke Napep ba, ban san yadda ake taya kaya ba, ina mace mai shekara 28. Akuyar da ta daɗe a turke, ko an kwance ta, iyakar tsawon igiyar take zagayawa. Haka na zama.

A ɗaya gefen kuma ga waɗanda suka ƙosa. Dangin da suka ba da gudummawa suna son su ga amfanin kuɗinsu, kuma suna da gaskiya. Gwaggo ta ce saura aure, Yaya ya ce saura makaranta, matarsa ta ce tun da na warke sai in karɓi girkin rana. Ranar da na fara tuƙa tuwo ya yi gudaji, aka yi mini dariya irin wadda ake yi wa kowa, na shiga ɗaki na yi ta kuka har Inna ta tsorata. A da duk abin da na kasa, ciwo ne ya hana ni, kowa ya san haka, har da ni. Yanzu idan na kasa, ni ce na kasa, kuma ban taɓa ɗanɗana wannan ba.

Daga nan wani ƙunci ya sauko mini. Abinci ya fita raina, ina farkawa tun kafin kiran assalatu in kasa komawa barci, ina ta lissafin sa'o'ina: wasu da 'ya'ya huɗu, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan jinya, ni kuwa ko takardar sakandare ba ni da ita. Lokacin da nake cikin ciwon ban taɓa yin wannan lissafi ba, sai da na sami lafiya. Abin da ya ƙara nauyin shi ne rashin bakin faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, inda da yawa ko ƙwayar ba sa samu. Ni da aka ɗauka a jirgi aka kai Indiya, da wane baki zan ce wa mutumin da ya sayar da gonar ubansa ba na jin daɗi? Na yi shiru har sai da likitana na gida ya lura na rame, ya matsa mini da tambaya. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan aiki a watannin farko, har ga waɗanda aikin ya yi wa kyau, kuma wasu masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya sun yi rubutu a 2001 a kan nauyin da ke hawa kan wanda ya warke aka ce masa ya zauna kamar kowa. Ya haɗa ni da likitan masu damuwa, na sha magani na wani lokaci, ya kuma sa aka kira Baba da Inna ya yi musu bayani a gabana. A hanyar komawa gida Baba, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce: "Gona na sayar, ban ce na sayi bakinki ba. In abu ya dame ki ki faɗa wa uwarki, in kina jin nauyina."

Akwai wata damuwar da ba ta likita ba ce. Kafin mu tafi, wata 'yar uwar Baba ta tuna mini hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na matar da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tana yayewa, ya ba ta zaɓi tsakanin ta yi haƙuri ta sami Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri, ta dai roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. 'Yar uwar Baban ta ce ni kuwa ga shi na zaɓi wuƙa. Maganar ba ta dame ni a lokacin ba, sai bayan aikin, a dararen nan na rashin barci, ta dawo mini, na riƙa tunanin ko na musanya lada mai ɗorewa da lafiyar da ban ma san yadda zan yi da ita ba. Malaminmu na Islamiyya ne ya warware mini. Ya ce zaɓi aka ba matar, ba a haramta mata neman waraka ba, kuma wanda ya ba ta zaɓin shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ya ƙara da cewa Ibnul Ƙayyim, wanda masu ruƙiyya suke yawan kafa hujja da shi, shi da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, wadda ita ce fagen likitoci. Game da lada kuwa, ya ce shekarun da na yi ina haƙuri ba a cikin tabon aka rubuta su ba, balle a yanke su tare da shi.

Annobar korona ta hana mu komawa Indiya domin dubawar da aka tsara, saboda an dakatar da jiragen ƙasashen waje a watan Maris na 2020, sai muka koma aika sakamakon gwaji ta WhatsApp. A daminar shekarar na kamu da zazzaɓin cizon sauro, na yi ta amai har maganin ya ƙi zama a cikina, ga rashin barci, sai farfaɗiya ta zo mini, babba, da jijjiga. Ƙanena da ke wurin ya yi abin da aka koya mana: ya kwantar da ni ta gefe, ya tura zane ƙarƙashin kaina, ya hana a cusa mini cokali a baki, ya riƙa duba agogo, domin an ce mana wadda ta wuce minti 5 ba ta jiran komai sai asibiti. Da na farfaɗo na ga fuskar Inna, na ce a raina shi ke nan, gona ta tafi a banza. Amma likitocin gida da na can bakinsu ya zo ɗaya cewa faɗuwa guda mai sanadi bayyananne ba ta nufin aikin ya lalace. Haka kuwa aka yi, ba ta sake dawowa ba, illa abin nan da ke tasowa daga ciki, wanda jefi-jefi yakan zo ya tsaya a ƙirji, ba ya wuce nan. Tun daga lokacin ba na wasa da gidan sauro, ba na kuma karɓar magani a kemis sai na faɗi abin da nake sha, domin irin su tiramadol suna iya tayar da ciwon.

Sauran abubuwan sun zo ɗaya bayan ɗaya. Inna ta bar ni na koma ɗakina, da sharaɗin ba zan sa sakata ba. Azumi, wanda a da ciyarwa ake yi mini a mafi yawansa, na fara yin sa cikakke bayan likita ya daidaita mini shan magani a sahur da buɗa-baki, ya kuma hana ni tahajjudin goman ƙarshe, domin a cewarsa rashin barci ya fi yunwa haɗari a gare ni. Na zauna jarrabawar NECO ta masu zaman kansu tare da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, da ƙyar na tsallake Turanci saboda matsalar kalmomi, lissafi kuwa bai ba ni wahala ba. Na koyi ɗinki, kuma keken ɗinki ne ya fara kawo mini kuɗin da na nema da hannuna.

Maganar aure ce ta nuna mini cewa tsohon tsoron jama'a bai tafi ba, sabo ma ya hau kansa. A da ana cewa mai farfaɗiya ce, yanzu ana cewa wadda aka buɗe wa kai ce, kuma wai kan da aka buɗe ba ya komawa daidai. Har mai kitso sai da na kama hannunta na ɗora a kan tabon kafin ta yarda ta taɓa gashin wajen. Wanda ya fara fitowa, iyayensa suka janye shi da suka ji labari. Na biyun, wanda shi ne maigidana yanzu, Baba bai bari an sa rana ba sai da ya tura shi ya zauna da likitana, ya tambayi duk abin da yake so, har da tambayar mahaifiyarsa ta ko ana gado. Aka ce masa irin tawa, da ta samo asali daga tabo, ba kasafai take bin jini ba, sai dai a kula da zazzaɓin yara. An ɗaura aure a 2023. Kafin nan an riga an janye mini Tegretol sannu a hankali cikin watanni, aka bar ni da Keppra kaɗai, wadda likitoci suka fi natsuwa da ita ga mai ciki, aka kuma fara ba ni ƙwayar bitamin ta folik asid tun kafin in sami cikin. Epilim kuwa an daɗe da ja mini kunne a kanta, domin tana iya yi wa ɗan tayi illa.

Na haifi 'ya mace a ƙarshen 2024. Da na je wankan gida, saurin farkawar nan na Inna da na daɗe ina jin haushinsa shi ne ya ba ni barci, domin ita take karɓar jaririyar da dare in ba shayarwa ba, ta kuma hana ni yi mata wanka a baho ni kaɗai, wanda a wannan karon ban yi musu ba. Yanzu abin da ya rage tsakanina da likita shi ne ƙwayar ƙarshe. Shi yana ganin tun da na yi shekaru ba faɗuwa, kuma gwajin EEG, wato na wayoyin da ake mannawa a kai, ya fito lafiya, ana iya gwada janye ta, ko da yake bai ɓoye mini ba cewa akwai waɗanda ciwon ke dawo wa idan an janye, kuma ba duka ne maganin ke sake riƙewa kamar da ba. Maigidana yana jin nauyin kuɗinta, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, amma ya ce shawara tawa ce. Na ce wa likita muddin ina tsayawa a gaban wuta da goyo a bayana, ba zan gwada ba. Ya rubuta a fayil ɗina cewa za a sake tayar da maganar bayan yaye.